Kwalbar Miyau ta Mijin Yayata

Shekarun baya, na gama jami'a ban samu aiki ba tukuna, wani abu ya faru a gidan auren yayata a Goronyo wanda har yau ban manta ba. Ya wuce, an daɗe da rufe shi. Sai da na nemi izininta kafin in rubuta, ta ce in rubuta amma kada in kama sunan kowa.

Mu mutanen Wurno ne. Yayata auren zumunci ta yi, mijinta ɗan goggonmu ne, ƙanwar mahaifinmu. Manomin albasa ne a fadamar da ke ƙasan madatsar ruwa, mutum mai shiru, ba ka jin bakinsa sai a gaisuwa. 'Yarsu ta fari tun tana goye aka lura ba ta shiri da rana. In aka fita da ita sai idanunta su yi ja, ta yi ta kuka tana cusa fuska a bayan uwarta. Kafin a yaye ta ɗige-ɗige baƙaƙe da farare sun cika mata fuska da wuya da bayan hannu, duk inda riga ba ta rufe ba. An yi na asibiti, an yi na gida. Wasu suka ce ƙyanda ce ta koma ciki, wasu suka ce baki ne.

A jami'a akwai malamar da ta duba aikina na shekarar ƙarshe, kowa Dakta yake ce mata. Ita ma 'yar Wurno ce, daga gidan malamai, mahaifina ya yi karatu a zauren kakanta. Ta yi shekaru a ƙasar waje tana bincike kan abu guda: yadda jikin mutum yake gyara DNA ɗinsa, wato ƙwayar gado, idan wani abu ya lalata ta. Daga baya ta koma kan RNA, wato saƙon da ake kwafowa daga DNA, da yadda ake datsa shi a harhaɗa kafin jiki ya yi aiki da shi. Ba zan ce na fahimci aikinta duka ba, wataƙila rabi, wataƙila ma bai kai ba. Ta taɓa ce mini abin da ya sa take yarda da ni a ɗakin gwaji shi ne ina wanke kwalba in sake wankewa, kuma ba a taɓa jin na ce na tabbata ba. A lokacin na ɗauka yabo ne.

Na daɗe ina juya maganar kafin in tura mata hoton yarinyar, ina tsoron kada ta ce na raina ta, ita ba likitar fata ba ce. Da na tura, ba ta rubuto ba, kira ta yi. Ta tambaye ni ko iyayen 'yan uwa ne. Na ce e. Ta ce za ta zo ta gani da idonta.

Ta zo Goronyo da motarta, ta zauna a tabarma a tsakar gida kamar kowa, ta ɗauki yarinyar ta daɗe tana duba ta a inuwa. Sannan ta yi wa matan gida bayani da Hausar da ban taɓa jin ta yi a aji ba.

"Kun ga masunta can bakin dam," in ji ta, "kullum sunka dawo sai sun zauna ɗinkin koma. To rana ma kullum tana yage wani abu cikin fatar kowa, ni da ku. Amma Allah ya aje muna masu ɗinki cikin jiki, su ka gyarawa ba mu sani ba. Ina zaton wagga yarinya masu ɗinkinta ba su aiki. Ban tabbata ba sai na gwada. Amma daga yau kada rana ta sake taɓa ta."

Ta ce tana son miyau na mutum uku: yarinya, uwa da uba. Ta goga auduga a bakin yarinyar, yayata ta tofa nata a 'yar kwalba. Uban ba ya nan, ya kai albasa kasuwa. Sai Dakta ta bar mini kwalba guda, ta nuna mini yadda ake rufe murfin, ta ce in ya dawo in karɓa in kai mata Sakkwato.

Ranar da ya dawo, mahaifiyata tana gidan, ta zo duba jikarta. Sai in ɗan faɗi wani abu a nan. Mahaifiyata da Goggo gaisuwarsu doguwa ce, har da tambayar kaji da awaki, amma daga gaisuwar ba ƙari. Mahaifiyata 'yar Rabah ce, ba dangi ba ce, kuma Goggo ta daɗe tana cewa tun da ɗanta ya yi aure ba ya jin maganar kowa sai ta matarsa.

Na miƙa wa mijin yayata kwalbar a tsakar gida. Ya dube ta, ya saci kallon inda mahaifiyata take zaune, ya sunkuyar da kai. Goggo ta taso.

"Kai, ba ka da kunya? Gaban surukatai zai tsaya shina tofe-tofe? Kawo nan. Shi shiga ɗakina shi yi."

Na ga gaskiyarta, har na ji kunyar kaina. Suka shiga. Can ya fito ya zarce masallaci ta bayan ɗaki don kada ya ratsa gaban mahaifiyata. Bayan ɗan lokaci Goggo ta kawo mini kwalbar. Na rufe murfin, na duba, na sake dubawa, na rubuta "uba" a jiki, na kai Sakkwato ina riƙe da ita kamar ƙwai.

An yi makonni. Wata safiya Dakta ta kira ni, ko gaisuwar kirki ba mu gama ba.

"Kai da idonka ka ga ya tofa?"

"Ban gani ba, Dakta, amma ina kyautata zaton..."

"Ba ka haɗa ta da wata kwalba ba?"

"Ita kaɗai ce a hannuna. Sai dai in wani abu ya faru ban lura ba."

 Sannan ta ce, "To. Ka hwaɗa mishi ina son a sake ɗaukar nashi. Nashi kaɗai. Sauran magana sai na zo, ba ta waya ba ta."

Wanda na fara zargi ni ne. Na yi ta bin ranar a kaina, daga Goronyo zuwa tasha zuwa ƙofar ɗakin gwaji, ina neman inda na yi kuskure. Ban samu ba. Sai zuciya ta fara zuwa inda ban aike ta ba. Lokacin ne ake ta yawo da bidiyoyin gwajin DNA a waya, mutum ya rene yaro ya girma a ce ba nasa ba ne. A kunnen mutanenmu, kalmar DNA ba ta da wata ma'ana sai wannan. Ni da na karanta na san ba haka ba ne, na san miyau kan lalace, ana sake ɗauka. Duk da haka, da na je Goronyo na tsinci kaina ina kallon kunnuwan yarinyar ina gwadawa da na ubanta. Na yi istigfari, na kawar da kai. Na sake kallo.

Na iske mijin yayata a fadama, bakin rudu, rumfar da ake ajiye albasa. Suna tsince ruɓaɓɓu shi da ƙanensa da 'yan aiki. Ƙanen nan taubashina ne kuma sa'ana, ba ma haɗuwa sai da tsiya. Da hankali ya zo mini da na ja mijin yayata gefe. Amma na ji tsoron kada jan gefen ya sa a yi zaton wani abu, sai na faɗi saƙon Dakta a gaban kowa, da murya mai sauƙi, wai don a ga ba komai ba ne.

Taubashina ya ɗago yana dariya. "Farfesa! Kun zubar da na farko ko kun sha?"

"A'a, Dakta ce dai take son a sake."

"Na kowa?"

"Nashi kaɗai."

"Don mi nashi kaɗai? Na matatai ya yi, na ɗiya ya yi, nashi na bai yi ba?"

"Ban sani ba tukuna. Wataƙila wani abu bai dace ba."

"Mi bai dace da mi ba?"

A nan ya kamata in ce miyau kan lalace a hanya, in yi shiru. Amma ban tabbata shi ne dalilin ba, kuma ni ba na faɗin abin da ban tabbata ba. Sai na ce, "To, ba zan iya cewa ba. Ban ce akwai wani abu ba, ban kuma ce babu ba. Dakta ta ce ba maganar waya ba ce."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. 'Yan aikin suka sunkuyar da kai suna tsintar albasa da sauri fiye da dā. Na dubi mijin yayata. Ya riƙe albasa guda yana juya ta a hannu, lafiyayyiya, ya jefa ta cikin ruɓaɓɓu.

Kafin ranar kasuwa ta zagayo, maganar ta kai har garin Rimawa ta dawo. Ba wanda ya faɗa a fili. An dai ce likitar Turai ta gwada, ta ce jinin bai haɗu ba, kuma ƙanen matar da bakinsa ya kasa musantawa. Wasu suka ƙara da cewa dama wannan irin fata ba a taɓa ganinta a gidan ba. Matan da ke shigowa ɗaukar wuta suka yawaita, kowace sai ta tsaya ta leƙa fuskar yarinyar. Mijin yayata bai yi faɗa ba, bai tambayi matarsa komai ba. Ya dai daina cin tuwonta, ya koma ci a ɗakin uwarsa.

Baffan mijin yayata, wanda ya tsaya musu a matsayin uba tun rasuwar mahaifinsu, ya aiko a ce wa yayata ta je Wurno ta huta har Dakta ta zo. Ta ce a ba Baffa haƙuri, ba inda za ta. In ta fita ƙofar nan yanzu, ta amsa ke nan.

Ta sa aka kira ni ɗakinta. Tana zaune bakin gado, yarinyar na barci a cinyarta, ta rame.

"Mi kac ce musu?"

"Yaya, ni ban ce komai ba."

"Na sani. Shi na nika tambaya. An tambaye ka game da ni, ba ka ce komai ba?"

Na fara yi mata bayanin cewa a kimiyya mutum ba ya yanke hukunci sai da hujja. Ta dube ni har na bar bayanin. Ba saki take tsoro ba, mata nawa aka saka suka sake aure. Sakin da za a yi da wannan magana a kai shi ne abin, don zai bi ta Wurno, ya bi 'yarta har ranar aurenta.

Na fita na kira Dakta, na faɗa mata duk abin da ake ciki. Ta yi salati. Ta ce, "Kai kuma wa ya ce ka hwaɗi gaban jama'a?" Ta ce tana tafe, kuma in gaya wa mahaifiyata ita ma ta zo.

Da hantsi ta iso. Aka shimfiɗa tabarmi a inuwar ɗakin Goggo. Baffa yana kan kujera, mijin yayata da ƙanensa a ƙasa, mahaifiyata da yayata a gefe, ni a inda ba na kowa ba. Goggo tana daga cikin ɗaki, bakin ƙofa, tana jan carbi.

Dakta ta ce da mai kwalbar take son magana, shi kaɗai, haka ƙa'idar aikinta take. Baffa ya ce, "Ɗiyata, da can ta yiwu. Yanzu magana ta riga ta hita, in kunka shiga ɗaki kunka rufe, abin da za a ce ya hi wanga. Hwaɗi nan." Ta dubi mijin yayata. Ya gyaɗa kai ba tare da ya ɗago ba.

"To, Baffa. Na farko, ni ban yi gwajin uba ba. Ba wanda ya sa ni, ba shi ya kawo ni ba. Na biyu, kwalbar da anka kawo min da sunan uba, miyau na mace na ciki."

 Taubashina ne ya fara motsi, ya juya ya kalli wansa daga sama har ƙasa.

"Na mace? Yaya, ashe dut shekarun ga..."

"Rufe min baki," in ji Baffa. Ya juyo kaina. "Kai, mi ka yi da kwalbar mutane?"

Duk idanu suka dawo kaina, har da na Dakta, sai na gane ita ma tun farko ni take zargi da musanya. Na buɗe baki zan ce wataƙila, sai muka ji daga bakin ƙofa:

"Nawa na."

Goggo ta fito, ta gyara mayafi, ta tsaya kamar wadda aka zo ba haƙuri.

"Nawa na, ku bar yaro. To mi? A sa miyau na ɗana cikin kwalba a rufe, uwar matatai na zaune tsakar gida tana kallo, ƙanen matatai shi ɗauka shi tahi da shi inda ban sani ba? Ni ba jiya anka haihe ni ba. Na zuba nashi rami na turbuɗe, na ɗauraye kwalba na tofa nawa. Nic ce in mallaka za a yi, a mallake ni, a ga abin da za a yi da tsohuwa."

Mahaifiyata ta ajiye mahucin da take fifita da shi.

"Da na iya mallaka ai da wanki, maigidana, na soma. Ga shi can Wurno, shekara da shekaru, ko gishiri ban isa in aike shi saye ba."

Taubashina ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Baffa bai yi dariya ba.

"To da magana ta tashi, ana yanka yarinyar ga da baki cikin gari, don mi ba ki hwaɗi ba?"

"Wa ya tambaye ni?" Sai muryarta ta sauka. "Ni na haihe shi. Nic ce nawa da nashi dut ɗaya na. Da anka ce bai dace ba, ni ma hankalina ya tashi."

Wato ita ma ta yarda da jita-jitar da hannunta ya haifar. Tana ba ɗanta tuwo a ɗakinta tana tausaya masa.

Dakta ta ciro sabuwar kwalba daga jaka ta ajiye a tabarma, ba ta miƙa wa kowa ba. Mijin yayata ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗauka, ya buɗe, a gaban Baffa, a gaban surukar da bai taɓa haɗa ido da ita ba, ya tofa har ya kai layin. Ya rufe da kansa ya miƙa.

"Dakta, wanga don ciwon yarinya na. Ban son a hwaɗa min wani abu bayan shi. Ɗiyata ta."

Na dubi yayata ina jiran ta yi kuka ko ta yi hamdala. Ba ta yi ko ɗaya ba. Inuwa ta janye, rana ta fara taɓa gefen tabarmar, sai ta ɗauki 'yarta ta shige ɗaki.

Baffa ya sa taubashina ya koma bakin rudu da ƙofar masallaci ya faɗi abin da ya faru, tun da ta nan maganar ta fita. Bai ma sha wahala ba. Labarin tsohuwar da ta tofa miyau a madadin ɗanta ya fi tsegumin daɗin faɗi, ya kai inda tsegumin bai kai ba. Goggo ta daina zuwa suna da biki na wani lokaci saboda jikoki da taubasai. Da dariyar da aka yi mata aka wanke yayata, kuma ina ganin Goggon ta san haka, don ba ta taɓa musanta labarin ba ko sau ɗaya.

Da sakamakon ya fito, Dakta ta kira su biyun ta yi musu bayani. Ciwon sai an gado shi ta wajen uwa da ta wajen uba, su kuma kowanensu yana ɗauke da shi a ɓoye bai sani ba. Ta ce mini kuskuren yana daidai wurin da ake datsa saƙon RNA a haɗa, abin da ta ƙare ƙuruciyarta tana bi a ƙasar mutane, ta zo ta same shi a gidan manomin albasa a Goronyo. Ba ta yi alkawarin warkewa ba. Ta ce inuwa, da doguwar riga, da malfa, da mai na shafawa, da kai ta asibiti a duba fata da ido a kai a kai. Yarinyar tana nan, ta yi wayo, tana zuwa Islamiyya in rana ta yi sanyi.

Ranar da zan koma Wurno na shiga yi wa yayata sallama. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Kai kuma," ta ce, "in an sake tambayarka game da ni, ka ce ƙarya ta. In ya so ka zo daga baya ka tambaye ni."

Har yau ban daina taka-tsantsan ba, kuma ban ce laifi ba ne. A wurin aiki shi ke ci da ni. Dakta ma na ji ta da kunnena tana cewa "ban tabbata ba sai na gwada". Amma ita game da ciwo ta faɗa, ba game da mutuncin mutum ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, in aka tambaye ka game da naka a gaban jama'a, "ban ce akwai ba, ban ce babu ba" ba tsakiya ba ce. Ka riga ka zaɓi gefe.

Suna tare har yanzu, sun ƙara haihuwa. In ka shiga gidan ba za ka ga komai ba. Sai dai na lura tun daga wannan shekarar, in ta gama tuwo ba ta kai masa da kanta kamar dā. Takan rufe ta ajiye a bakin ƙofa, in yana so ya ɗauka. Yana ɗauka kullum. Ban taɓa tambayarta dalili ba, kuma wannan karon ba na bukatar a gwada mini.